Saurayin da Ba Shi da Suna a Kayen Suwaiba

Shekarar da aka ce ƙasa ta samu 'yancin kai, mutanen Gidan Rumji da yawa sun ruɗe. Wasu na cewa Nasara zai naɗe hanyar mota ya tafi da abarsa, wasu na cewa daga yanzu jandarma ne zai riƙa gaida talaka. Amma ruɗewar Suwaiba matar Hambali baduku daban take. Ta rubuta labarin soyayya shafi sittin, saurayin da ke ciki ba shi da suna, ga shi saura kwana tara mijinta ya kama hanyar Makka ta ƙasa, kuma don shi ta rubuta labarin.

Suwaiba 'yar Cadakori ce. Mahaifinta malami ne da bai samu ɗa namiji da wuri ba, sai ya juye mata ajami kaf. Da aure ya kawo ta Gidan Rumji, ita kaɗai ce mace mai karatu a unguwar, don haka ta zama mai karanta wa mata wasiƙun mazansu 'yan cin rani. Wasiƙun kuwa, Allah ya sawwaƙe. Ƙato zai yi wata bakwai a Kano, ya aiko takarda, babu komai ciki sai gaisuwa ga liman da tambayar lafiyar jaki. Matar ta zuba wa Suwaiba ido ta ce, “Shi ke nan?” Ran nan tausayi ya ci ƙarfinta, ta ƙara layi guda daga bakinta, ta ce wai mutumin ya ce tun da ya bar gida fura ba ta yi masa daɗi. Matar ta koma gida har tana tuntuɓe don murna. Daga nan abin ya samo asali. Da ta ga ƙarin nata na neman fin wasiƙun tsawo, sai ta ji tsoron Allah, ta koma zuba shi a takardar kanta, inda kowa ya san ƙagawa ce.

Ƙanenta, wanda ke koyarwa a lakol, wato makarantar boko, ta Cadawa, shi ke aiko mata kaye, littafin rubutun 'yan makaranta. Daga baya take fara shi, tunda ajami daga dama yake tasowa. Ba ta rubutu sai da hantsi, bayan ta ɗora tukunya, tana zaune gaban kifaffen turmi da alƙalamin kara, kuma miyar gidan Hambali ta sha ƙonewa saboda wata budurwa da ta tsaya kuka a shafi na goma. Kayan aikinta a bakin rijiya take tsinto su, da waƙar da mata ke yi in suna niƙa, da abin da matar aure ke faɗa in an zo mata kitso ta manta akwai kunnuwa. Doka ɗaya gare ta: ba ta kashe masoyi. Ta ce wanda Allah ke kashewa ma ya isa.

In la'asar ta yi, a gidan Inna Mero ake haɗuwa, wata tsohuwa mai baki kamar barkono. Mata na ɓarar gujiya, Suwaiba na karantawa, in an watse kowace ta kai labarin gidansu ta ba waɗanda ba su zo ba. To, nan gizo ke saƙar, domin mace mai kunya ba ta kama sunan mijinta, ko na surukinta, ko na ɗanta na fari. Tun suna su shida abin da sauƙi, an yi saurayi Cindo, an yi Magaji, an wuce lafiya. Yanzu sun haura talatin, duk sunan da aka ɗauko sai an samu wadda ya zame wa ƙaya a baki. Shi ya sa Suwaiba ta yi ta barin gurbi a sabon labarin, duk inda sunan ya kamata ya zauna.

Wannan labarin kuwa ba kamar sauran ba ne. Shekara ashirin da biyu suna tare da Hambali, tana ce masa Mai gida, yana ce mata 'Yar Malam. Mutum ne da zai wuni yana ɗinkin fata bai yi magana goma ba. Duk kayen da ta cika, sai ya karɓa ya yi masa bango na jan fata, ɗinki mai kyau, ya mayar mata bai buɗe ba, alhali yana karanta ajami, ko da yake da yatsa. Har yau ta kasa gane ko girmamawa ce ko rashin damuwa. Ita dai tana son mutumin nan, so mai tsanani, kuma ba ta taɓa faɗa masa ba, don ba a yi. Hanyar da zai bi, ta Kano, ta Barno, har Sudan, wani shekara uku yake yi, wani bakwai, wani sai dai labari. Tsoronta ɗaya ne, kada ya tafi bai sani ba.

Saura kwana tara, ta kai ƙara gidan Inna Mero.

“Ku ba ni suna, don Allah. Labari ya ƙare, saurayi na yawo ba suna.”

“A sa Mudi,” in ji wata.

Tala ta ja mayafi ta rufe fuska. Mijinta ke nan.

“To Ado.”

“Wanga uban mijina ne, ku yi mani rai,” in ji Saudatu.

Aka ce Shu'aibu, mata uku suka sunkuyar da kai lokaci guda. Aka ce Na'Allah, aka ce Tsoho, aka ce Ɗanmalam, kowanne da mai shi. Wata ta ce a ba shi sunan Nasara, tunda sun tafi sun bar sunayen ba mai amfani da su. Aka yi ta dariya har gujiya ta zube.

Inna Mero ta tofar da ɓawo ta ce, “Kun cika wahal da kai. Akwai suna guda da duk garin ga babu mai shi sai mutum ɗaya, don kakanninshi daga wajen Katsina sunka zo da shi. Hambali. Wa ag gare ta da Hambali nan?”

Babu kowa. Duk suka juyo suka dubi Suwaiba.

“Inna, ni fa?”

“Ke mi? Wa ya ce ki hwaɗa? Rubutawa za ki yi.”

Sai gardama ta kaure. Tala ta ce rubutu magana ce, tunda in an karanta ji ake yi. Saudatu ta ce a'a, kunya a baki take, hannu ba ruwansa. Wata ta ce to ai hannun ma nata ne. Aka nemi wadda ta taɓa jin yadda iyaye suka yi, aka rasa, don iyayen ba su taɓa samun matar da ta iya rubutu ba balle su yanke hukunci. Wata ta ce ai an samu 'yanci, ƙila har da wannan a ciki. Inna Mero ta ce ita ba ta ji an ambaci sunan miji ba ran da aka ɗaga tuta. Suwaiba ta koma gida kanta ya fi na da ɗaurewa.

Kwanakin suka yi ta zubewa. Ta daka masa yaji, ta soya ƙuli-ƙuli, ta wanke riguna. Kullum da hantsi sai ta zauna gaban turmi, ta tsoma alƙalami, ta kai shi bakin gurbin farko, tawadar ta bushe a nan. In ta rubuta, mata talatin za su riƙa yawo da sunan mijinta gida-gida, ita kuma ta zama marar ta-ido. In ba ta rubuta ba, zai karanta labarin wani baƙo can a Sudan, in ma ya karanta. Ta yi tunanin tambayar liman, ta tuna sai ta bayyana masa dalili, ta fasa. Har haushin mahaifinta ta ji, Allah ya jiƙansa, da ya koya mata abin da bai gaya mata iyakarsa ba.

Ranar tafiya, da safe, kamyo, babbar motar da za ta kai matafiya Maradi, ya tsaya bakin hanya. Hambali ya gama sallama da maƙwabta, ya shigo ɗaukar jaka da buta. Ta miƙa masa kayen, gurabensa na nan fayau.

“Ba lokacin yin bango, 'Yar Malam.”

“Ba don bango ba ne. Ka tahi da shi.”

Ya dube ta. Karo na farko a duniya ya buɗe kayenta, ya ɗora yatsa, ya bi layi biyu, ya tsaya. Ya juya shafi, ya sake tsayawa.

“Wanga mutum ba shi da suna?”

“Shina da shi.”

Ya jira. Ta kafa wa ƙafarta ido. Can kamyo ya yi oda. Ya rufe kayen a hankali, ya cusa shi cikin jaka tsakanin riguna, ya ce Allah ya sa a gana, ya juya. Ta ga bayansa ya doshi zaure, ta ga saura taku uku ya shige, sai ta ji abin ya fito, da wata murya da ita kanta ba ta sani ba.

“Hambali!”

Ya tsaya cak. Ya juyo, fuskarsa kamar ta wanda aka tasa daga barci.

“Na'am.”

Matar da ta cika shafi sittin ta lalubi bakinta, ba ta samu komai ba. Ta kira, an amsa, ba ta tanadi abin da ke biye ba. Kunya da tsoro suka rufe ta.

“Ka… ka manta butarka,” ta ce.

Hambali ya dubi butar da ke hannunsa. Ya daɗe yana dubanta, sannan ya ɗago idanunsa, sun kaɗa sun yi ja.

“Haka ne,” ya ce. “Na manta ta.”

Ya dawo ya sauke jaka, ya zauna gefen tabarmarta, kamyo na can bakin hanya yana ta oda.