Baffan da Na Ɗauka a Rajista

A ƙauyenmu, can bayan Miga, hedimasta ba ya wahalar da kansa. Duk yaron da aka kai firamare, sai ya rubuta sunansa ya manna masa sunan garin a baya. Da wannan sunan na tafi sakandaren kwana a Dutse, jim kaɗan bayan an ba mu jiha, na tarar ashe ya riga ni isa birni.

Mutum uku ne suka yi fice da shi. Akwai mai karanta labarai a rediyo, wanda aka ce sai ya sha ɗanyen ƙwai biyu yake buɗe baki. Akwai ɗan damben da ya kashe mutum uku a yamma ɗaya, ni na mai da su tara. Sai wani darakta a sakateriya, mai fankoki biyu a ofis, ɗaya tasa, ɗaya ta hularsa.

Ban taɓa ganin ko ɗaya ba, amma na sanar da siniyoyi cewa duk baffannina ne. Daga ranar ba wanda ya ƙara aikena ɗebo ruwa. Har gaishe ni ake yi.

Ranar rabon kyaututtuka sai ga darakta, shi ne babban baƙo. Shugaban ɗalibai ya tasa ƙeyata har gabansa.

"Ranka ya daɗe, ga ɗanka."

Na durƙusa, gumi har cikin takalmi. Ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗan gidan wa?"

Na faɗi sunan kakana, murya kamar ta sauro.

"Mai jakin nan da ya cije ni? Ai kakarka da gyatumata nono ɗaya suka sha! Ja'iri, ka shekara a garin nan ba ka zo gaisuwa ba?"

Na waiwaya na harari shugaban ɗalibai, har na fara tafiyar ƙasaita. Sai Baffa ya ce a kawo masa sakamakona. Mu arba'in ne a aji, na kayar da mutum biyu, ɗayansu ma bai zauna jarrabawar ba.

Ya kira shugaban makaranta, ya ɗaga murya yadda na bayan layi za su ji.

"Malam, wannan jinina ne. Nama naku, ƙashi nawa. Duk aikin da ake ba yara, a ninka masa."

Siniyoyi suka amsa da "To, ranka ya daɗe" baki ɗaya, kamar masu amin. Ko tashi daga taron ba a yi ba, wani ya miƙo min wankinsa.