Mala Umara da Rijiyar da Ba a Haƙa Ba

Ranar Laraba, 12 ga Maris, 1975, ina tsaye wurin mai sayar da igiyar guga a Ajingi, wani mai jaki ya dafa kafaɗata ya ce Mala Umara na Garin Kabo ya rasu da hantsi. Na yi salati. Sai mai igiyar ya ɗago kai ya ce, "Allah ya jiƙansa. Wane Garin Kabon?" Mala, ko a ranar rasuwarka wannan tambaya ba ta ƙyale ka ba.

Wanda bai san mu ba zai ɗauka wasa ne. Ƙauyuka biyu ne, fadama ce kawai tsakaninsu, ɗaya ta ɓangaren Gaya, ɗaya ta wajen Ajingi, kowanne kuwa sunansa Garin Kabo. Mutanen tsohon wuri suna cewa a nan kakansu Kabo ya sari daji, a nan kabarinsa yake. Waɗanda suka ƙetare fadama suna cewa su ne zuriyar babban ɗansa, gatarin da ya sari dajin ma yana rataye a zaurensu. Tun muna yara ake wannan ja-in-ja, har an daina sallar Idi tare.

Kai Babarbare ne, ba ka da jinin Kabo ko ɗigo. Ni kuma Bafillatani, abokin wasanka, kullum ina tsokanarka cewa baƙo ba ya shiga rabon gadon gida. Da ka dawo daga aikin soja a Kongo kakan zaunar da mu ka ba mu labarin ƙasashe biyu masu kallon juna, kogi ne kawai ya raba su, kowacce tana amsa sunan Kongo. Kakan yi dariya ka ce ka je ƙarshen duniya ka tarar da Garin Kabo a can.

Dariyar ta ƙare ranar da hukuma ta aiko masu haƙa da siminti a yi wa Garin Kabo rijiya. Kowane ɓangare ya ce tasa ce. Masu haƙar suka kwana biyu a gindin tsamiya suna jiran a shirya, da suka gaji suka kwashe kayansu, suka ce in an daidaita a aika musu. Kai ka ba da gonarka da ke tsakiyar fadama kyauta, ka kafa turke, ka ce a haƙa a nan kowa ya sha. Aka ce an yarda, amma kafin simintin bakin rijiya ya bushe ai sai an rubuta sunan gari. Mutanen tsohon wuri suka ce sai na ƙetare sun ƙara "Sabon" a gaban nasu sunan. Na ƙetare suka ce ba a mai da babban ɗa sabo a gidan ubansa.

Daga nan ka zama jakada. Ka ɗauki gaisuwar Malam Inuwa, dattijon tsohon wuri, ka kai wa Malam Datti mai gatari, gaisuwar da sau da yawa kai kake ƙara mata zuma a hanya. Kekenka ya san fadamar nan fiye da awakin gari. Shekarar da rediyo ya ce ɗaya daga cikin Kongon nan ta koma Zayar, ka zo mini da gudu kamar yaro. Ka ce, "Badaru, ƙasa guda ta sauya suna ba ta mutu ba, balle ƙauye." Ka kai wa dattawan biyu labarin. Kowannensu ya jinjina kai ya ce lallai darasi ne, sai a gaya wa na ƙetare su yi koyi.

Sai fari ya zo. Rijiyoyin gargajiya suka ƙafe, mata suka koma tafiya har Balan da tulu a ka, matarka Barira da 'yarka Hure a cikinsu. Ba zan manta tsohuwa Hajo ba, wadda ba ta da kowa. Kullum sai ka ɗaura garwa a bayan keke ka cika mata randa kafin ka kai na gidanka, ita kuma tana yi maka faɗa wai ruwan da laka. Ba ka taɓa tanka mata ba. Ni ne mai zafin rai, ni nake cewa ka rabu da dattawan nan su sha sunan in yana kashe ƙishirwa. Kai kuwa sai ka gyara turken da iska ta karkatar, ka sake hawa keke.

Zuwana na ƙarshe na same ka kwance, ƙirji ya kama ka. Ka ce, "Na gaji, Badaru. In ta Allah ta kasance, ku ciro turken nan ku sa ni a wurin." Na ce Babarbare ba ya mutuwa sai ya ga bayan Bafillatani. Ka yi murmushi, ba ka rama ba, a nan na san abin ya yi nisa.

Ruwan wankanka ma a jaki aka ɗauko shi daga Balan. Samarin tsohon wuri suka zo da diga, na ƙetare suka zo da shebur, babu wanda ya tambayi wani sunan garinsu. Inuwa da Datti suka tsaya a sahu ɗaya bayan liman ɗaya. Ban ce sun shirya ba, don kafin sadakar uku na ji an fara gardamar wane gari ne ya yi rashin. Ni ma na gaji, Mala, ba ni da kekenka, ba ni da haƙurinka. Abin da idona ya gani kawai nake faɗa: ramin da garuruwan nan biyu suka taɓa haɗuwa suka haƙa a wurin turkenka, kabarinka ne.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Barira da Hure da sauran dangi, da tsohuwa Hajo wadda randarta ta bushe. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Allah ya jiƙan Mala Umara, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya makwancinsa. Ya yi ta neman wa mutane ruwa bai samu ba. Ya Ubangiji, ka shayar da shi daga Alkausara. Amin.