Ƙashin Sa a Jikin Sabuwar Jita

A shekarar da na yi aure, ina koyarwa a wata firamare ta mishan a Kafanchan, yayana da ke aikin reluwe ya kawo mini jita sabuwa fil daga Jos, ko ƙamshin fenti bai sake ta ba. Na ɗan iya kaɗawa tun muna kwalejin horon malamai, amma kullum da ta aro.

Da farko ba na jin komai sai daɗi. Matata ce ta fara tankawa. Tana cikin mawaƙan cocinmu, kuma ta fi ni kunne. Wata Asabar tana kankare citta a tsakar gida, ni ina kaɗawa a gindin mangwaro, sai ta ɗago kai.

"Malam, me ya sa muryar wannan ke mutuwa da wuri? Ta Fasto in an taɓa, sai ka ji tana ta tafiya."

Na ɗan ji haushi, amma tambayar ta zauna mini. Washegari bayan an tashi sujada na aro tsohuwar jitar Fasto, muka kwantar da su biyun a kan tabarma, muna dubawa kamar masu sayen akuya. Girmansu ɗaya, wayoyinsu iri ɗaya. Bambancin da muka gani yana wajen ɗan siririn abin nan da wayoyi ke hawa kansa, wanda masu molo ke kira jaki. Na Fasto ya yi ruwan ɗorawa don tsufa, yana da tauri, da gani ƙashi ne. Nawa farar roba ce, har wayoyin sun fara cin jikinta. 'Yan turakun da ke danne bakin wayoyin a cikin ramukansu su ma roba ne.

"In dai ƙashi ne," in ji ta, "ai ba a rasa shi a garin nan ba."

Mahaucin da take sayen nama a wurinsa ya ba ta ƙashin ƙafar sa. Da ta gaya masa abin da za a yi da shi, sai ya ce lallai a kawo masa ya ji kukan san nasa. Muka dafa ƙashin da ruwan toka har maiƙon ya fita, muka shanya a kan rufin kicin inda kare ba zai kai ba. Yayana ya ara mini zarto da magagari, yana cewa bai taɓa ganin wanda aka ba sabon abu ya kama gyaransa ba.

Jakin farko da na yanka ya yi tsawo, wayoyin suka yi sama, danna su sai da ciwon yatsa. Na yi ta gogawa, na zarce, sai jitar ta koma zuza kamar ƙudan zuma a tulu. Na biyu na bi shi a hankali, in goga kaɗan, in saka, in ɗaure wayoyi, in saurara, in sake kwancewa. Ranar da ya zauna daidai, na ja babbar waya sau ɗaya na sake ta. Sautin ya fito da kauri, ya daɗe yana yawo a ɗakin kafin ya kwanta.

"Yauwa," ta ce. "Saura turakun."

Surukina manomi ne a wajen Madakiya. Da ya ji labari, ya aiko mana da guntun icen kanya, baƙar zuciyar nan mai tauri. Hannuna duk ya yi kanta, don haka matata ce ta feƙe turakun da 'yar wuƙa, tana gwada kowanne a raminsa. Da muka saka, na ce sautin ya ƙara daɗi. Ta ce ita ba ta ji wani bambanci ba.

"Ka juya ka kalli bango, Malam. Zan riƙa canjawa, kai kuma ka faɗi wanne ne."

Na juya. Ta kwance, ta canja, ta ɗaure, ta ja wayar. Na ce kanya, ashe roba ce. Ta sake, na ce roba, na dace. Ta sake, na kuskure. Muna cikin haka ƙaramar wayar ta gaji da kwancewa da ɗaurewa, ta tsinke. Ba a sayar da irinta a kasuwarmu, sai da yayana ya sake zuwa Jos. Kafin nan da wayoyi biyar na raka mawaƙa a bikin godiyar kaka, ba wanda ya lura.

Mun bar turakun kanya a jiki saboda sun fi kyan gani, baƙaƙe a kusa da farin ƙashi. Ko suna ƙara sauti, ba mu taɓa daidaitawa ba. Bayan 'yan kwanaki na dawo daga makaranta na tarar da ita a bakin ƙofa, ta zura ɗan madubinta ta ramin jitar, tana karkata shi wajen hasken rana.

"Zo ka gani," ta ce. "Akwai wasu 'yan itatuwa a manne daga ciki, sun gitta juna. Mene ne aikinsu?"

Na ajiye littattafan yara a kan kujera, na durƙusa kusa da ita, na karɓi madubin.