Mai Amshin Malam Fulurin

Da muka kama haya a East Greensboro a 1979, maigidana Uwaisu yana karatun aikin gona a jami'a, maƙwabcinmu wani dogon Bature ne mai suna Flurin. Bakinmu bai iya sunan ba, sai muka mai da shi Malam Fulurin, shi kuma bai taɓa gyara mana ba. Bakaniken injinan saƙa ne. Daga Suwizalan aka ɗauko shi tare da injinan, ya zo ya kafa su a wata masaƙa, ya zauna yana kula da su. Farcensa kullum baƙi ƙirin da man inji, gaisuwarsa kuwa ba ta wuce ɗaga hannu. Ni dai na yanke masa hukunci tun farko, na ce girman kai ne.

Uwaisu ne ya fara jin labarinsa, wata rana da Baturen ya taimaka masa da gyaran motarmu. Ashe mawaƙi ne, marubuci. A ƙasarsu ya fitar da littattafan waƙoƙi biyu da na labari ɗaya tun yana saurayi, duk a cikin Romanshi, yaren wasu 'yan ƙauyuka da ke maƙale a tsakanin duwatsu. Rubutun bai ciyar da shi ba, shi ya sa ya koyi inji. Yana da wata ɗabi'a: ba ya ɗora baiti a takarda sai ya faɗa wa matarsa Mengia da baki, ta maimaita masa, ya ji yadda ya zauna a bakin wani. Ba su daɗe da zuwa Amurka ba ta rasu. Tun daga ranar bai ƙara rubuta ko layi ɗaya ba, kuma a duk garin babu mai jin yarensa. Ya gaya wa Uwaisu cewa kalmomi sun fara ɓace masa, har sunan wani tsuntsun ƙauyensu ya nema ya rasa. Wannan ya ba ni tausayi ƙwarai, na daina ce masa mai girman kai.

A 1982 na haihu, Gwaggo Daso, ƙanwar babana, ta zo daga gida don ta kula da ni. Ba ta jin Turanci ko kalma guda, kuma hakan bai dame ta ba. Wata Asabar da hantsi tana zaune a baranda tana tsince shinkafa, Malam Fulurin yana ba wa tumatirinsa ruwa a bayan shinge, yana rera tsofaffin baitocinsa ƙasa-ƙasa don kada harshensa ya yi tsatsa. Gwaggo ta kasa kunne. Ita tun tana budurwa ita ce mai amshi a wajen daka da niƙa, kuma a wurinta a bar mai waƙa shi kaɗai ba a amsa masa ba rowa ce. Da ya kai ƙarshen baiti, sai ta cafe kalmomin ƙarshe ta mayar masa, da muryarta ta gidan biki.

Ina daga taga ina kallo, kunya kamar ta kashe ni. Uwaisu ya leƙo ya ce, "Gwaggo, don Allah, a nan mutane suna son firaibasi, ba sa son a shiga harkarsu, kada ya yi mana kamfilen, ya kai ƙararmu."

"Waƙa yake yi," in ji ta. "In ba ya son amshi ya shiga ɗaki."

Malam Fulurin ya saki tiyo, ruwa yana ta zuba a kan takalminsa. Ya sake faɗin baitin, ta sake amsawa. Ya faɗi na gaba. Ranar ba a gama tsince shinkafar ba, sai da na ɗora taliya.

Daga nan ya zama al'ada. Duk Asabar sai ya jawo kujerarsa bakin shinge, ya faɗa, ta amsa. Ba ta taɓa tambayar ma'ana ba, kuma na tabbata tana karya masa kalmomi son ranta, don wani lokaci yakan yi dariya har ya riƙe ciki. Wata rana ya zo da abin da ba mu saba ji ba, yana faɗa yana tsayawa. Uwaisu ya tambaye shi, ya ce sabo ne, jiya ya zo masa a bakin inji.

Da Gwaggo ta tashi komawa gida hankalina ya tashi, na ɗauka shiru zai dawo masa. Na gwada maye gurbinta, amma ni amshina kamar mai karanta takardar magani. Ya yi haƙuri da ni haka nan, muka ci gaba muna lallaɓawa, har ya kammala waƙoƙin, ya kuma shiga wani dogon labari a kan masaƙa.

A 1987 aka buga littafin waƙoƙin a can ƙasarsu, aka gayyace shi ya je ya karanta a zauren makarantar ƙauyensu. Da ya dawo ya ba mu labari a wannan barandar. Ya ce mutanensa sun zauna tsit, hannu a kan gwiwa, don su a wurinsu shiru shi ne girmamawa. Ya karanta baitin farko, ya jira, ba abin da ya dawo. Sai ya ji ba zai iya ci gaba ba. Ya ajiye littafin ya roƙe su, in ya kai ƙarshen layi su maimaita masa. Aka yi ta kallon-kallo. Can wata tsohuwa daga baya ta amsa, a baiti na gaba rabin zauren ya bi ta.

"Aishatu," ya ce mini, "na yi shekaru ina tsoron ni ne zan manta yaren nan. Ranar na ji shi a bakin yaran da ba a haifa ba lokacin da na bar gida."

Na tambaye shi ko yanzu zai koma can da zama. Ya ce e, da zarar ya horar da wanda zai riƙe injinan. Amma kafin nan yana son a buga wa Gwaggo waya, akwai sabon baiti da bai yarda ya rubuta ba tukuna.