Buhun Yashi Maimakon Tuffa

A Gotemba, gindin Dutsen Fuji, duk mai harkar motar tsere ya san Kuwabara Tsuneo mai lanƙwasa salansa, wato bututun fitar hayaƙin mota. Shekara talatin da huɗu yana abu ɗaya: ya ɗura wa bututun ƙarfe yashi, ya toshe bakinsa da itace, ya gasa shi har ya yi jawur, sannan ya lanƙwasa shi da hannu. Yashin ne ke hana bututun lotsewa a gwiwa. Motarsu ba ta taɓa zuwa ta ɗaya ba, kuma hakan bai taɓa hana shi cinye taliyarsa tas ba.

Su goma sha ɗaya ne a ƙungiyarsu, da mota ɗaya tal mai lamba 47. Injin kuwa saye suke yi a wani babban kamfani, wanda shi ma yake da tasa ƙungiyar, waɗanda ake kira 'yan gida. A can, mai zana inji da mai zana mota tare suke shan shayi. In inji ya ƙara ƙiba, mota ta matsa masa tun a takarda. Su Kuwabara sai dai a kawo musu shi cikin akwati da hatimi, ba damar buɗewa, su san yadda za su yi da shi.

Amininsa Shiraishi, wanda suka koyi aiki tare, ya shekara ashirin a wurin 'yan gida. Duk wata sukan haɗu cin taliya, su yi hirar ciwon gwiwa da jikoki. Maganar inji kuwa ba ta hawa teburin, don asirin kamfani ko ɗan'uwa ba a faɗa wa. Duk ƙarshen shekara, lokacin aika kyauta, Shiraishi kan aiko da kwalin tuffa. Bana sai ga buhu, da ƙyar ɗan aike ya sauke shi. Yashi ne, wankakke, tankaɗaɗɗe, lukwi kamar gari.

"Baban Michiyo, abokin nan naka ya fara ruɗewa ne?" in ji matarsa Fumie. "Ko miya zan kaɗa da shi?"

"Rowa ce ta kama shi da tsufa," in ji Kuwabara. "Ni za a aiko wa yashi? Ni?"

Ya ji haushi ƙwarai, don yana son tuffar nan. Ya ja buhun ya yasar bayan ƙofar shago.

Duk sanyin nan ya yi shi yana lanƙwasa bututai bisa zanen bara. Saura kwana goma sha biyu tseren farko aka kawo sabon inji, sai ga mafitar hayaƙi ta ja baya da yatsa uku. Ko bututu ɗaya bai shiga ba. Ogiwara, mai ƙungiyar, ya dafe kai.

"Baba Kuwabara, masu ɗaukar nauyinmu sun ce in ba su ga 47 a layi ba, sun tafi. In suka tafi kuwa, sai mu rufe shagon nan."

"To daina tsaya mini a haske," in ji Kuwabara.

Sabuwar lanƙwasar sai ta matse sosai kafin ta kauce wa ƙarfen mota. Ya ɗura yashinsa na kullum mai tsakuwa-tsakuwa, bututun farko ya lotse. Na biyu ma haka. Yana juyawa neman wani bututun ya yi tuntuɓe da buhun. Ya ɗebi yashin ya murza, ya ɗura, ya bubbuga har ya zauna daram ba ko kafa. Na uku ya fito sumul.

Ya daɗe tsaye yana kallonsa. Ashe tun kafin ƙarshen shekara Shiraishi ya san an matsar da mafitar, ya san irin lanƙwasar da za a buƙata, ya kuma san bakinsa a ɗaure yake. Kuwabara ya yi ta dariya har da ƙwalla, ma'aikata suka ɗauka zafin wuta ne ya taɓa shi.

Ranar tsere 47 tana layi. 'Yan gida suka ɗauki ta ɗaya da ta biyu kamar yadda suka saba, su kuma suka zo na bakwai, Kuwabara ransa fes. Da yamma sai ga Shiraishi cikin farar rigar kamfani, ya tsuguna yana leƙen ƙarƙashin motar.

"Har yanzu da hannu kake fama, tsoho? Mu na'ura ke yi mana."

"Na gani ai. Bana dai ban ga tuffa ba, marowaci."

"Tuffa ta yi tsada," in ji Shiraishi, bai ɗago ba.

"To baɗi ma kada ka wahalar da kanka. Duk abin da ka ga ya dace da ni, aiko."

Shiraishi ya miƙe yana kaɗe gwiwa. Kuwabara ya cire hula ya sunkuya masa, irin sunkuyon da bai taɓa yi masa ba a shekara arba'in. Shi kuwa Shiraishi ya kau da kai, wai taya yake dubawa.