Inna Abu da Kalmarta Ɗaya

Duk wanda ya taɓa taka gidanmu a unguwar Moss Side, can ƙasar Turawa, ya san Inna Abu ba ta gaisuwa. Kana shigowa za ta dangwara maka faranti a ƙirji ta ce, "Ci!" Iyakar Hausarta ke nan har ta koma ga Mahaliccinta. Surukata ce, uwar matata Marta, 'yar Kolombiya. Jikoki na ce mata Abuwela, wato kaka a yarensu. Mutanen cocinmu suka ji "Abu", shi ke nan ta zama Inna Abu, sai ka ce daga Zariya aka ɗauko ta.

To, ina ni ina cin abinci a gaban suruka? In ta ajiye mini wainar masararsu sai in sunkuyar da kai in ce na ƙoshi, tana juya baya in sulale ɗaki da farantin. Ashe a wurinta, surukin da bai ci a gabanta ba bai karɓe ta a matsayin uwa ba. Abin ya yi ta cin ranta. Ta tsare Marta da yarensu: "Ni mijinki ya tsana ko girkina?"

Marta ta ce kunya ce irin tamu.

"Kunya? Ya yi 'ya'ya uku da 'yata, sai waina yake jin kunya?"

Da hukumar kansul da nake wa aiki ta rage ma'aikata aka sallame ni, Marta ta samu aikin jinya a Birmingham, sai ƙarshen mako take dawowa. Na ce bari in kama aikin gida. Na shiga kicin, na naɗe hannun riga. Wayyo! Sai jin ludayi na yi a gadon baya, Inna Abu na faɗa da guntun Turancinta.

"Fita! Namiji ba ya taɓa mini tukunya."

"Inna, ba ni da aiki fa."

"Kana da shi. Zauna can ka yi fuskar maigida."

Haka nake wuni a kujera ina muzurai, ita kuwa tana yanke hukuncin komai, har tashar da za a kalla.

Hitar ɗumama ɗaki kuma haramun ce, wai tsada. In aka yi kukan sanyi sai ta dama cakulan mai zafi ta jefa cuku a ciki. Cuku fa, jama'a! Baba Ishaya, dattijon cocinmu, ya kurɓa, ya tsamo abu yana ja kamar cingam, ya ce, "Inna Abu, wani abu ya faɗa ciki." Ta ce, "Ci!" Bawan Allah ya ci.

Da ciwo ya kwantar da ita a asibiti sai ta daina cin komai. Marta ta yi mata wainar masara, ta yi lallashi har da kuka, Inna Abu ta kau da kai. Can ta dube ni, ta turo farantin da yatsa ɗaya. Da ƙyar muryar ta fito: "Ci."

Na ja kujera har gabanta. Ido cikin ido na cinye tas, hawaye na ɗiga a farantin. Ta yi murmushi, ta raɗa wa Marta wani abu. Da muka fito na tambaya.

"Ta ce yau ta samu ɗa namiji. Ta kuma ce kana tauna kamar akuya."

Wallahi ina kewar matar nan. Ya Ubangiji, ka ba ta hutawa. Da yunwa a cikinta ta bar duniya; in ta iso ƙofarka, a tare ta da faranti a ce mata, "Ci."