Ɗinkin da Sanda Ya Zaɓa

A Gidan Amumune, zamanin da ba a kwana sai an rufe ƙofar kafi, an yi wani maɗinki ana ce masa Na Allah. Lifidi yake ɗinkawa, rigar nan ta doki da ake cusa wa audugar rimi don kibiya kada ta huda. Gajere ne, ga shiru, ga baƙin riƙo. In ka taka shi bana, to, ka saurare shi baɗi.

Matarsa Zara'u ita ke kaɗa masa zare. Wata safiya tana rijiya mahara suka ɓullo daga arewa. Ta yar da tulu ta sheƙo, saura taku kaɗan ta shigo, sai Sanda, jarumin garin, ya sa aka tura ƙofa. Na Allah yana leƙe ta tsakanin itacen kafi aka ɗaure ta a bayan raƙumi. Da ya yi magana, Sanda ya ce mace guda ba ta kai gari ba. Ko haƙuri bai ba shi ba, don rashin ta-ido.

Na Allah bai sake aure ba. Zarensa ma a kasuwa ya koma saye, kuma duk ranar da ya saya sai ya tsine wa Sanda a zuci. Haka har shekara goma sha ɗaya.

Rannan sai ga Sanda da ƙyallaye, ja da fari da baƙin shuni, wai a yi wa sabon dokinsa lifidi. Shi ya manta, mai laifi ai ba ya ajiya. Na Allah ya karɓa, ya harhaɗa ƙyallayen nan wata biyu, aiki ya fito gwanin kyau. Saura ɗinkin da zai kama audugar.

To, a al'adar sana'ar, mai doki ke zaɓen ɗinki, amma wajibi ne maɗinki ya gaya masa gaskiyar kowanne. Na Allah ya share ƙasa ya zana guda biyu. Ɗaya ƙananan gidaje ne a matse kamar na dara, ba kyan gani, amma auduga ba ta motsi a ciki. Ɗayan manyan zagaye ne kamar faifai, ana hango su daga nesa. Sai dai in doki ya yi sukuwa ya yi gumi, audugar takan zurare ƙasa, ƙirji ya zama ƙyalle biyu kawai.

Sanda ya sa bakin bulala a kan faifan. "Wannan nake so. Ko da magana, maɗinki?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ido ya ga abin da ya gani."

Ya zauna ya ɗinka, allura bayan allura, bai ha'inci ko ɗaya ba. Wallahi bai taɓa jin daɗin aiki irin wannan ba, har 'yar waƙa yake yi.

Da kaka mahara suka dawo. Sanda ya bi su yini guda har wajen Issawane. Kibiyar farko ta shige ƙirjin dokin kamar ba a sa masa komai ba, dokin ya kifa da Sanda, mashi ya ƙarasa shi. Da labari ya iso, Na Allah ya ci tuwo malmala uku, mutumin da ɗaya ke isarsa.

Ya tsufa ƙwarai, har ido ya daina ganin kafar allura. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, liman Abdulmumini, wanda ya daɗe da gane zancen, ya zauna kusa da kansa.

"Na Allah, akwai rai a wuyanka. Ka nemi gafara tun da sauran numfashi."

"Ina nema, malam, kullum ina nema," in ji shi. "Dokin nan bai yi mani komai ba."